Zancen Keke: A Ƙirga Haƙora Kafin a Biya Kuɗi

 

Tun da Nijeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin kpayo ya tashi a nan Benin, da yawa daga cikinmu suka sake waiwayar keke. To, amma keken gwanjo da ake kawo mana yanzu ba irin Raleigh ko Phoenix na iyayenmu ba ne mai giya ɗaya tal. Wannan ruwa biyu ne, an ƙera shi don kwalta da hanyar ƙasa duka. Mai sayarwa zai ce maka, “Alhaji, giyarsa 21!” Mu kuwa shawararmu ita ce kada yawan giya ya ruɗe mu. A durƙusa a ƙirga haƙora.

Ga yadda lissafin yake. Wajen feda akwai manyan faifai uku, galibi masu haƙora 48 da 38 da 28. A tayar baya kuma akwai ƙanana bakwai, daga mai 14 zuwa mai 28. Uku sau bakwai, shi ne 21 ɗin. In ka raba haƙoran gaba da na baya, ka san sau nawa taya za ta juya in ka zagaya feda sau ɗaya. Sarƙa a kan 48 da 14, taya ta juya kusan sau uku da rabi, wato fiye da mita 7. A kan 28 da 28 kuwa, juyi ɗaya ne, mita 2 da 'yan kai, amma ƙafa ba ta jin nauyi. Tsohon keke mai 44 da 18 yana tsakiya, shi ya sa iyayenmu ke sauka su tura in sun iso hawa.

Saboda haka kowa ya dubi hanyarsa. Ɗan makaranta ko tela da ke zagaya cikin garin Parakou, faifai ɗaya a gaba mai 38 ko 40 ya ishe shi, ga shi ba ya yawan lalacewa. Amma wanda zai ɗauro doya ko buhun kashu daga gonakin Onklou ya nufi kasuwar Djougou, ga yashi ga gangaren rafi da hawansa, lalle ya nemi mai ƙaramin faifai 28 a gaba da 28 ko 32 a baya. Faifan gudu ba shi zai kai kaya gida ba, gwiwa kawai zai ci. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu na biyu, a yi tunanin ranar gyara. Sarƙar keke mai faifai 6 ko 7 ko 8 a baya kusan faɗinta ɗaya, ana iya musanyawa. Mai 10 ko 11 siririya ce, ga tsada. Kafin ka biya, kai keken wurin mai gyaran unguwarku ka tambaye shi ko yana samun kayansa. Ya duba haƙoran kuma: in sun yi tsini sun karkace, sun cinye ke nan, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kansu.

Daga ƙarshe, hattara da abu uku. Kada a haɗa babban faifan gaba da babban na baya, sarƙa na karkacewa. A sauya giya tun kafin a fara hawa, ana taka feda a hankali. Lokacin hunturu kuma a goge sarƙa da tsumma kafin a ɗiga mata mai, domin ƙura da mai in sun haɗu, cin ƙarfe suke yi.

Allah ya tsare mu a kan hanya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.