Tsohon Batir Ba Kamar Sauran Ƙarafa Ba Ne

Duk wanda ya ratsa kasuwar Ladipo da ke Mushin, ko Owode Onirin a kan hanyar Ikorodu, ya san ba a zubar da mataccen kayan mota a Ikko. Idan mota ta gaji, makanikai su kwance abin da zai moru, saura kuwa a jibga shi bisa sikeli. Baƙin ƙarfe da kuɗinsa, alminiyam na giyabos da lagireto da nasa, tagullar waya kuwa ta fi su duka daraja. Da yawa daga masu bin gareji-gareji da kura suna sayen waɗannan kaya samarin Arewa ne da suka zo ci-rani.

Sana'a ce ta halal, ƙasa kuma na cin moriyarta. Tun 1979 aka soma ginin masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta, ba a kuwa ci gajiyarta yadda aka yi fata ba. Rodin da ake zuba dakin da shi, mai yawa daga cikinsa tsohon ƙarfe ne da aka narke a masana'antun Ikorodu da Ogijo. Saboda haka masu kiran a hana 'yan gwangwan sana'a ɗungurungum ba su duba al'amarin da kyau ba.

To, amma akwai abu guda cikin kayan mota wanda bai kamata a riƙa yi masa cinikin ƙarfe ba, watau batir. Fiye da rabin nauyinsa dalma ce, abin da ya sa yake da kasuwa ke nan, ruwan cikinsa kuwa asid ne mai cin fata. Da yake mai saye dalma yake so, ba ya son biyan nauyin ruwa, sai yaro ya tuntsurar da asid ɗin cikin kwata ko a bayan gareji. Wani ma da gatari zai fasa shi, hannu ba safa, ya juya ya ci tuwo da hannun nan, da dare ya kwanta cikin rigar da ya yi aikin da ita.

Dalma ba ta nuna kanta nan take. Tana taruwa a jini da ƙashi a hankali, ta taɓa ƙoda, ta jawo ɓari ga mata, ta daƙushe ƙwaƙwalwar yara, ɓarnar da ba ta gyaruwa bayan ta auku. Mutanen Arewa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani, gama a 1 cikin manyan masifun da suka gani akwai ta 2010, lokacin da ƙurar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Gubar nan ita ce cikin batir. A 2025 binciken jaridar New York Times ya nuna cewa mafi yawan mutanen da aka gwada jininsu a Ogijo, inda ake narka tsofaffin batura, suna ɗauke da dalma mai cutarwa, alhali ana fitar da dalmar zuwa ƙasashen waje.

Ba rashin doka ba ne. Hukumar NESREA mai tsare dokokin muhalli ta fito da ƙa'idojin batir a 2024, a 2025 kuma ta rufe waɗansu masana'antu a Ogijo. Sai dai kulle ƙofar masana'anta bai kai ga yaron da ke tsugune bakin kwata ba.

Gyaran daga sikeli zai fara. Wajibi ne hukuma ta tilasta wa masana'antu da dillalansu sayen batir a rufe, da ruwansa, a kan kuɗin da ba zai sa mai kawowa ya ga ya yi hasara ba, ta kuma hukunta wanda ya karɓi fasasshe. Shugabannin 'yan gwangwan da Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba su ma da nasu aikin: su tara yaransu su faɗa musu da Hausa abin da ke cikin batir, su hana ajiye shi a ɗakin kwana, su kuma nemi Gwamnatin Jihar Ikko da ta Ogun su gwada jinin masu wannan aiki kyauta.