Raddi ga Mai Cewa 'Yan Najeriya Sun Lalata Turanci

Wani malamin Turanci ya yi rubutu yana kukan cewa 'yan Najeriya sun karkatar da ma'anonin kalmomin Turanci har sun lalata harshen. Malamin ya san aikinsa, don haka hujjojinsa sun cancanci a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Da farko ya ce kowace kalma ma'anarta ɗaya ce, wadda ƙamus ya ajiye, abin da ya saɓa mata kuskure ne. Malam, ai ƙamus sawun mutane yake bi. Babban ƙamusun Oxford, wanda aka fara fitarwa kashi-kashi a 1884 aka kammala a 1928, da guntayen takardu aka gina shi. Masu sa kai ne suke kwafo jimloli daga littattafai su aika wa edita James Murray, shi kuma ya duba yadda marubuta suka yi amfani da kalma kafin ya rubuta ma'anarta. A cikinsa za ka tarar da "nice", wadda yau ake yabo da ita, a ƙarni na 14 wawa take nufi. "Meat" kuma a da kowane irin abinci ne, daga baya ta tsaya a kan nama. Malaman usulul fiƙhu sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suka raba ma'anar lugga da ma'anar al'ada. Dabba a asalin Larabci duk abin da ke tafiya a bayan ƙasa ne, al'ada ta taƙaita ta ga mai ƙafa huɗu, kuma ba wanda ya ce Larabawa sun yi ɓaranɓarama.

Na biyu ya ce Turancin Ingila ne ma'auni. To ina ya baro Amurka? "Pants" a New York wando ne, a Landan kamfai. Ɗan majalisar Ingila idan ya ce zai yi "table" ɗin ƙuduri, gabatar da shi zai yi, na Amurka kuwa jingine shi yake nufi. Tun 1828 Noah Webster ya fitar da ƙamusun Turancin Amurka, ba a nemi iznin kowa ba.

Na uku, inda ya fi zafafawa, ya ce abin da muke faɗa kuren marasa karatu ne. Wannan bai yi wa jama'a adalci ba. Bahaushen da zai bar ka a zaune ya ce "I am coming" alhali ficewa yake yi, "ina zuwa" ya ɗauko, da alkawarin dawowa a cikinta. Wanda ya ga ka yi tuntuɓe ya ce "sorry", sannu yake yi maka, domin Turancin Ingila ba shi da kalma guda mai ɗaukar nauyin sannu. Baturen da ya amsa masa da cewa ai ba laifinka ba ne, shi ne bai fahimta ba. A watan Janairun 2020 ƙamusun Oxford ɗin nan ya sanar da shigar da kalmomi 29 na Najeriya, ciki har da "Kannywood", "okada", "send-forth" da "next tomorrow", wato jibi.

Hujjarsa ta huɗu ce mai ƙarfi: ɗalibai suna faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO saboda irin wannan. Na yarda akwai haɗari, har ma ya wuce ɗakin jarrabawa. Mu "severally" sau da yawa muke nufi da ita, amma a takardar bashi, idan aka rubuta "jointly and severally", ana iya kama kowane ɗaya daga cikin masu tsayawa ya biya kuɗin gaba ɗaya. Mutum zai iya sa hannu gidansa ya tafi. Sai dai maganin da malamin ya kawo, wato a hana yaro faɗin abin da kowa ke faɗa a kasuwa da gidan rediyo, ba zai yi aiki ba, yaron zai ci gaba da faɗa da zarar an tashi daga aji. Abin da ya rage wa malami shi ne ya rubuta ma'anonin biyu a allo, ya nuna masa wadda ake ji a Sabon Gari da wadda mai duba takardar jarrabawa ko lauyan banki zai karɓa.