Karatun zaure: Ana wanke allo, ba a wanke hoto

A ƙauyukan arewacin Jihar Kano, daga Ɗambatta da Makoɗa zuwa Bichi da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona kuma da wuya a yi tafiya mai nisa ba a ga gida ba, akwai yara masu yawa da karatunsu na farko ba a aji yake farawa ba. A zaure yake farawa, ko a gindin darbejiya, ko a tsakar gida wajen wata dattijuwa da ke biya wa 'yan mata bayan sallar Magariba. Wannan tsari ba baƙo ba ne. Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa tura jajojinta ƙauyuka suna karantar da mata a cikin gidajensu.

Abin da wannan karatu ya rasa shi ne shaida. Ɗan firamare yana da littafin rubutu, da katin sakamako, da sunansa a rajista. Ɗan makarantar allo kuwa littafinsa guda ɗaya ne, kuma da zarar ya haddace abin da ke kai sai a wanke. Yaro zai taso daga babbaƙu zuwa farfaru, ya kama haɗa baƙi, ya fara rubuta allonsa da kansa, ya bi izu sittin ɗaya bayan ɗaya, amma a tambayi mahaifinsa shekarar da ya shiga ko ranar da ya sauke, sai ya ce shekarar da aka yi tsadar taki, ko damanar da katangar gidan liman ta faɗi. Abin da kan rage shi ne allon zayyana na ranar sauka, shi ma sau da yawa gara ce ke gadonsa.

Za a iya cewa yanzu ai waya ta raba gardama. Gaskiya ne babu walimar saukar da za a yi a yau ba a ɗaga wayoyi ba. Sai dai a bincika ina hotunan saukar shekara biyar da suka wuce. Wata wayar an sayar da ita lokacin shuka don a sayi iri, wata ta faɗa rijiya, wata an ƙwace ta a birni, wata an kai ta gyara an goge komai. Memori yakan lalace ba sallama. Hotunan da aka tura ta WhatsApp kuwa manhajar kan rage musu nauyi, ingancinsu ya ragu, sannan su bi wayar idan ta tafi. Iyayen da suka je sutudiyo sau ɗaya a shekara ranar Sallah sun bar wa 'ya'yansu hoto a bango. 'Ya'yan da ke ɗaukar hoto kullum na iya barin nasu hannu rabbana.

A Amurka, iyalan da ke karantar da 'ya'yansu a gida sukan haɗa kundin hotuna na kowace shekara. A wasu jihohin abin ya wuce sha'awa: dokar Fulorida ta wajabta wa irin waɗannan iyaye ajiye kundin ayyukan yaro da abin da ya karanta, su kuma riƙe shi har shekara biyu. Babu mai cewa a ɗauko dokar Fulorida a ɗora wa manomin Bagwai. Amma dabarar ba ta da tsada, kuma ta fi amfani a nan, inda babu wata hukuma da ke rubuta komai a madadin iyali.

Yadda za a yi ba wuya. Sau ɗaya a shekara, bayan kaka lokacin da gero da wake suka shigo hannu, ko a watan Sha'aban da ake yawan bikin sauka, maigida ko babban wa ya zaɓi hotuna goma ko goma sha biyar, ya kai wa mai hoto ranar kasuwa a wanke. A manna su a albam ko a littafi mai kauri. Muhimmin abu shi ne rubutun da ke ƙarƙashin kowane hoto, da boko ko da ajami: sunan yaro, sunan malaminsa, unguwa, wata da shekara, da surar da yake kai. Hoton da ba suna, bayan shekara talatin baƙo ne a gidansu. Kuma kada a tsaya kan ranar ado kaɗai. Allon farko da malam ya rubuta wa yaro, rubutunsa na farko mai karkace, kurtun tawada, zauren kansa kafin a rushe shi a yi na bulo, duk sun fi hoton kwalliya ba da labari. A ajiye kundin a akwatin ƙarfe, a ɗaga shi daga ƙasa saboda danshin Agusta.

Akwai masu ƙyamar hoton mai rai bisa fahimtarsu ta addini, kuma malamai sun daɗe da saɓani a kan hoton kyamara. Ba sai an ci su da gardama ba. Wanda bai yarda a ɗauki fuska ba, ya ɗauki allo da rubutu, ya rubuta kwanan wata; kundin bai rasa komai na asali ba. Haka batun sutura. Gidan da ba ya son hoton matansa ya fita, albam da ke cikin akwati ya fi masa rufin asiri nesa ba kusa ba a kan Facebook ko TikTok, inda hoton yarinya kan shiga hannun da ba a sani ba. Abin lura ɗaya: hoton allo mai ayoyi yana da alfarmar ayoyin, ba abin bari yara su yi wasa da shi a ƙasa ba ne.

Lamarin ya wuce kewar yarinta. A 2020, da annobar korona ta sa gwamnonin Arewa suka kwashe almajirai suna mayar da su jihohinsu na asali, Kano na cikin jihohin da suka yi jigilar, kuma an ga yadda ake fama wajen gane ɗan waye wannan, daga wane gari. Uban da zai damƙa ɗansa ga malami ya tafi gabas, ko ya bi shi cirani, ya kamata a ce akwai hoton yaron na bana a gida, da sunan malamin da inda ya nufa. Kundin ba zai maye gurbin takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ba, kuma kada a ɗauke shi haka. Amma ranar da za a kai yaro firamare ko Islamiyya a tsakiyar karatu, shi ne zai nuna inda ya tsaya maimakon a mayar da shi farko.

Hukumomi ma suna da nasu. A 2023 aka kafa hukumar tarayya mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, a 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Kano. Dukkansu suna buƙatar sanin yaran da ke karatu a wajen aji, alhali galibin makarantun zaure ba su da ko rajista. Hukumar kula da makarantun Alƙur'ani da Islamiyya ta jihar za ta iya buga ɗan littafi mai sauƙi, da gurbin hoto da na surori, ta raba ta hannun dagatai da masu unguwanni, da sharaɗin littafin ya zauna a hannun iyaye. A tabbata an buga da yawa don 'yan mata, domin su ne ke barin gida da aure, kuma karatun da suka yi a tsakar gida shi ne wanda ba kasafai ake yi wa walima ba, balle hoto.