A Leƙa Rumbu Kafin A Zuba Hatsi

Kwanan baya na kai ziyara Gombe, na sauka wurin wani abokina malamin makaranta a Tudun Wada, na iske shi ya zabga tagumi. Dalili kuwa shi ne sakamakon jarrabawar ɗalibansu na zango guda ya salwanta a cikin kwamfuta. Wani saurayi ne ya rubuta musu manhajar da suke shigar da maki. Ran da abin ya faru, magatakardan makarantar ya gama shigar da makin ajujuwa shida, ya danna wurin ajiya, manhaja ta ce an ajiye. Kashegari fayil ya ƙi buɗuwa. Ashe faifan kwamfutar ya cika maƙil da hotuna da finafinai, ita kuwa manhajar ta hau kan tsohon fayil ta share shi, ta soma rubuta sabo, wuri ya ƙare mata a tsakiya. Aka tashi ba tsuntsu ba tarko.

Duk makarantar an taru a kan magatakarda, wai shi ya cika faifai da tarkace. To, lalle yana da nasa alhakin, amma a ganina babban laifin na wanda ya rubuta manhajar ne. Manomin Akko ko na Dukku ba ya kwaso dawa daga gona sai ya leƙa rumbu ya ga ko akwai wuri. Wannan leƙen ba abu ne mai wuya ba a wurin mai rubuta manhaja, domin kowace kwamfuta tana da hanyar da ake tambayarta saura nawa a faifanta. A Windows akwai umurnin GetDiskFreeSpaceEx, a Linux akwai statvfs, masu rubutu da harshen Python kuwa suna da shutil.disk_usage. Layi biyu ko uku sun isa: a auna girman abin da za a ajiye, a gwada shi da wurin da ya rage, in bai isa ba a gaya wa mutum tun bai yi hasara ba.

Kada wani ya zaci ƙananan masu sana'a kaɗai wannan sakaci ke kayarwa. Kamfanin Toyota, wanda motocinsa suka cika tashoshin Gombe, ya tsai da aiki a dukan masana'antunsa 14 na haɗa motoci a Japan ran 29 ga Agusta, 2023. Bayan bincike kamfanin da kansa ya bayyana cewa wuri ne ya ƙare a faifan kwamfutocin da ke odar kayan haɗin mota, sa'ad da ake yi musu gyara. Abin mamaki, na'urar da aka tanada don ko-ta-kwana ita ma a kan tsari ɗaya take, saboda haka ciwo ɗaya ya kama su. Sai da aka kwashe bayanan zuwa wata babbar na'ura kana aiki ya dawo kashegari.

Amma fa leƙen rumbu kaɗai bai wadatar ba, nan ne kuwa samarinmu da yawa suke tuntuɓe. Kwamfuta ba aiki ɗaya take yi a lokaci guda ba. Tsakanin sa'ad da manhaja ta tambaya da sa'ad da ta soma rubutu, wata manhajar tana iya cinye wurin. Sa'an nan akwai filashin da aka tsara bisa tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, ko da kuwa babu kome a cikinsa. Ga kuma jabun filashi da ake sayarwa a kasuwanninmu, wanda zai ce yana ɗaukar gigabait 64 alhali cikinsa bai kai rabin haka ba. Irin wannan ko an tambaye shi ƙarya zai yi.

Saboda haka masana suke bin wata dabara mai sauƙi. Ba a taɓa tsohon fayil. Sai a rubuta sabon da wani suna na wucin gadi, a tabbata ya rubutu har ƙarshe, kana a sauya masa suna ya maye gurbin tsohon. In wuri ya ƙare a hanya, ko wuta ta ɗauke, wanda ba baƙon abu ba ne a wurinmu, aikin jiya yana nan lafiya lau. Manhaja kuma ta saurari amsar da kwamfuta ta ba ta bayan rubutu, kada ta ce an ajiye alhali an gaya mata faifai ya cika.

Ina roƙon malaman ilmin kwamfuta na Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, da na Jami'ar Tarayya ta Kashere, su riƙa gwada aikin ɗalibansu a kan filashin da ya cika kafin su ba da maki. Ɗaliban nan su ne gobe za su rubuta manhajar asibiti da ta albashi.

Abokina dai Allah ya taimake su ba su ƙona takardun jarrabawar ba. Da na baro Gombe, shi da magatakarda suna zaune da tulin takardu, suna sake shigar da maki ɗaya bayan ɗaya, iyayen yara kuwa suna ta zarya a bakin ofis.