Ra'ayinmu: Baƙin Madarunfa suna Maraɗi da Katsina, a shirya musu

A shekarar 2006 ne gwamnatin Nijar ta miƙa wa hukumar UNESCO sunayen wuraren da take fatan wata rana su shiga jerin kayan tarihin duniya. A cikinsu akwai tsohon garin Agadas, da unguwar Birni ta Damagaram haɗe da fadar sarkinta, da fadar Zarmakoy ta Dosso, da Lugu garin Sarauniya. Akwai kuma wani wuri na jahar Maraɗi da aka rubuta da dogon suna: gandun daji da tabkin Madarunfa da kaburburan waliyyai 99. Agadas ta samu shiga a 2013. Madarunfa kuwa tana nan inda aka ajiye ta, cikin masu jiran layi, yau kusan shekara 20 ke nan.

Ba laifi ba ne a yi fatan wannan tambari. Abin da ke damunmu shi ne yadda maganar yawon buɗe ido a ƙasar nan ta zama maganar jira: a jira UNESCO, a jira wata ƙungiyar waje ta kawo kuɗin aiki, a jira Turawa su dawo da na'urorinsu na ɗaukar hoto. Ga Madarunfa, wannan jiran gawon shanu ne. Bayan ranar 9 ga Agusta 2020, da aka kashe mutum 8 a Kure, yankin raƙuman dawa, cikinsu har da Faransawa 6 ma'aikatan agaji, Faransa ta shafa wa taswirar Nijar jan fenti in ban da Yamai, ma'ana ta ce wa 'yan ƙasarta kada su zo. Abin da ya biyo bayan 26 ga Yuli 2023 kowa ya san shi. Ko a zamanin da jirage ke sauke Turawa a Agadas, tsaunukan Ayar da rairayin Tenere ne suka kawo su. Kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa karkatowa kudu.

Alhali kuwa garin bai taɓa rasa baƙi ba. Masu ziyarar kaburburan sun daɗe suna zuwa, daga cikin Nijar da kuma tsallaken iyaka, tun kafin a san wata kalma wai ita yawon buɗe ido. Kuma ga birnin Maraɗi can, kilomita 20 da 'yan kai, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Birni ne mai dubban ɗaruruwan mutane, da 'yan kasuwa masu abin hannu, da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, da iyalan da in ranar hutu ta zo ba su da wajen zuwa sai gidan 'yan uwa. Bayan Ɗan Isa ga Jibiya, ga Katsina, mutanen da tarihinsu da na Maraɗi igiya ɗaya ce tun lokacin da sarakunan Haɓe suka baro Birnin Katsina bayan jihadi suka kafa sabuwar sarauta a kwarin Gulbi a farkon ƙarni na 19. Layin dogon da Najeriya ta aza harsashinsa a 2021, daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya, in Allah ya sa aka gama shi, waɗannan mutanen zai kwaso. Su ne baƙin Madarunfa. Hausa suke ji, ba sa bukatar biza, kuma soyayyen kifi da yaji ya ishe su abincin rana.

Wanda ya tashi daga Maraɗi da safe zai ratsa garake da gonakin rani na yankin Jiratawa, inda zogale da sauran kayan lambu ke kore shar a lokacin da tudu ya bushe ƙayau. In ya isa, ga ruwa shimfiɗe, abin da ɗan Maraɗi ba ya gani a Gulbi sai da damina. Ga masunta cikin kwalekwale suna jan karfasa da tarwaɗa, ga mata masu suya da masu banda a bakin gaɓa, ga shanu na gangarowa shan ruwa. Da sanyin hunturu tsuntsayen ruwa kan taru, wasu 'yan gida irin su balbela da zalɓe, wasu kuma baƙi ne da suka ƙetaro hamada daga Turai. Saboda wannan arzikin ne aka sa tabkin cikin jerin Ramsar, yarjejeniyar duniya ta 1971 kan kare dausayi da tabkuna, tare da tabkin Gidimuni na jahar Damagaram. Sannan ga gandun dajin, ga kaburburan da ke kewaye da ruwan. Da wuya a samu wani ƙaramin gari a kudancin ƙasar nan da ya haɗa ruwa da daji da tarihi a wuri ɗaya, mutum ya zaga su da ƙafa cikin yini guda.

Amma duk wannan a kan ruwan yake tsaye, ruwan kuma ba shi da tabbas. Nan ne ya kamata a daɗe ana magana. Tabkin yana samun ruwansa ne daga Gulbin Gabi da Gulbin Maraɗi, dukansu daga Najeriya suke gangarowa. Kogin da muke kira Gulbin Maraɗi shi ne Gada a can, kuma an datse shi da madatsar Jibiya. Manoman kwari sun san abin da ya canza daga lokacin: ruwan da ke malala ya jiƙa fadama ya ragu, lokacin zuwansa ma ya koma hannun masu buɗe ƙofar madatsa. Akwai takarda a kan wannan. A 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su, kuma Gada da Gulbin Maraɗi na cikin waɗanda aka ambata da suna. Akwai kuma hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa tun 1971, mazauninta a Yamai. Duk wani jami'in da zai zo Madarunfa ya yi jawabin bunƙasa yawon buɗe ido, tambayar farko da ya kamata a yi masa ita ce yaushe rabon da a zauna kan wannan yarjejeniya, kuma me aka ce game da rabon ruwan Gulbi.

Sai dai kada mu ɗora wa maƙwabta komai. Yashin da ke cike tabkin daga gonakinmu yake zuwa. In aka sare itatuwan tudu aka nome ƙasa har bakin kwazazzabo, ruwan sama na farko zai kwashi rairayi ya kai shi inda ya fi gangare, wato cikin tabki. Shekara bayan shekara zurfi na raguwa, ruwa na saurin zafi da ƙafewa, kifi na rasa wurin ɓuya. Da ruwa ya ja baya sai mai garka ya matsa gaba ya shuka a inda ya janye, baɗi kuma ya ce gonarsa ce ta gado. Ga masu saka taru mai ƙananan ido, wanda ke kwashe har 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba. Babu ɗaya cikin waɗannan mutane da ke yi don mugunta. Abinci suke nema. Shi ya sa dokar da aka rubuto daga ofis ba ta daɗewa a bakin ruwa. Abin da ke aiki shi ne wanda sarkin ruwa da masunta da masu garake da makiyaya suka zauna da jami'an gandun daji suka amince da shi: ga iyakar da noma zai tsaya, ga burtalin da dabbobi za su bi, ga watannin da za a ɗaga taru a bar kifi ya hayayyafa. Mutanen jahar Maraɗi ba baƙi ba ne a wannan fanni. Su ne suka nuna wa duniya yadda ake barin tsiron gawo da sabara a gona ana sassabe su har ƙasa ta farfaɗo. Abin da aka yi a gonakin gero za a iya yin sa a gangaren da ke zuba cikin tabki.

To, ina ruwan mai ziyara da wannan? Da shi sosai. Masunci zai yarda ya ajiye tarunsa wata biyu in ya san kwalekwalensa zai samo masa kuɗi ta wata hanya, ya ɗauki iyali daga Maraɗi ya zaga da su, da rigunan kariya daga nutsewa, da farashin da kowa ya sani. Mai suya za ta damu da tsabtar gaɓa in ta ga ledar da ke yawo a nan ce ke korar masu saye. Jika biyar ɗin da magidanci zai kashe a yini guda ba wani abu ba ne a lissafin ma'aikatar minista, amma in ta faɗa hannun masunci da mai kifi da ɗan kabu-kabu da yaron da ya yi jagora, ta zama dalilin da zai sa mutanen gari su tsare abin da ake zuwa gani.

Maganar kaburbura ta fi wuya, kuma ba za mu yi kamar ba mu sani ba. A Maraɗi akwai malaman da ke ganin ziyarar irin waɗannan wurare don neman tabarruki ta saɓa wa sunna, akwai kuma mabiya ɗariƙu da ke ganin ta a matsayin girmama bayin Allah. Wannan muhawara ta malamai ce, jarida ba za ta yanke ta ba. Amma akwai abin da ɓangarorin biyu za su iya haɗuwa a kai. Kabarin musulmi yana da alfarma, ba a nome shi, ba a mai da shi juji. Kuma labarin da ke tattare da wurin, su wane ne ake cewa suna kwance a nan, daga ina aka ce sun zo, me ya sa adadin ya zo daidai da sunayen Allah kyawawa, duk tarihin mutanen wannan kwari ne, ko mutum ya yarda da karamar waliyyai ko bai yarda ba. Wannan tarihi a bakin tsofaffi yake. Duk dattijon da ya rasu ba a naɗi maganarsa ba, ya tafi da wani yanki nasa. Ɗaliban jami'ar Maraɗi da malamansu, da wayar salula kawai, za su iya naɗar wannan cikin hutu ɗaya, su auna inda kowane kabari yake, su rubuta abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi, har da inda ruwayoyi suka saɓa. Dokar ƙasa ta 30 ga Yuni 1997 kan kare kayan tarihi ta ɗora wa hukuma nauyin irin wannan ƙididdiga. Ita UNESCO ma da ake jira, ba ta duba takardar da ba ta da taswira da tsarin kulawa.

Masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe da ruwan saman farkon Satumba 2024. Yana cikin unguwar da aka sa a wannan jeri na 2006. Sunan da ke cikin takarda bai riƙe bangonsa ba.

Za a ce mana ina tsaro? Tambaya ce ta gaskiya. Ƙauyukan bakin iyaka na gundumar Madarunfa, ɓangaren Gabi da dajin Baban Rafi, sun sha wuyar ɓarayin shanu da masu satar mutane don kuɗin fansa, kuma tun 2019 jahar ke karɓar 'yan gudun hijira daga Najeriya. Ba za mu ce wa kowa ya kwashi iyalinsa ya shiga daji da magariba ba. Amma akwai bambanci tsakanin ƙauyen da ke manne da iyaka da babban garin gunduma mai jandarmomi da kasuwa da zirga-zirgar motoci kullum. In hukumomin jaha suna ganin ziyarar rana zuwa bakin tabki ba ta da haɗari, su fito su faɗa, su faɗi lokutan da suka dace da inda ba a so a wuce. In kuma suna ganin da haɗari, su faɗa ma. Shirun da ake yi shi ke barin jita-jitar WhatsApp tana yanke wa mutane hukunci, har ɗan Maraɗi ya riƙa jin sunan Madarunfa kamar wata ƙasa mai nisa.

Sauran aikin na ma'aikatar magajin gari ne, wadda tun rushe majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024 take hannun shugabannin riƙo da aka naɗa. Ba otal muke nema ba. Rumfa mai inuwa, da makewayi na maza da na mata, da wurin alwala, da kwandunan shara da wanda zai kwashe su. Matasan gari 'yan kaɗan da aka koya wa tarihin wurin daga bakin masu shi, don kada kowane yaro ya ƙirƙiro nasa labarin saboda dala 20. Alluna masu bayani, kuma a rubuta su da Hausa, da boko da ajami. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, to ga wuri mai sauƙi da za a fara gwada maganar, tunda mai karanta allon Bahaushe ne ko mai jin Hausa. In za a karɓi wani abu a ƙofa, ya zama kaɗan, da rasit, kuma a liƙa a bango duk wata nawa aka samu da abin da aka yi da shi. Mutanenmu ba sa ƙin biya, ƙin biyan abin da ba su ga inda ya shiga ba suke yi.

Masu kula da ilimi na jahar Maraɗi su ma suna da nasu. Yaro na iya gama firamare a Maraɗi ya haddace sunayen kogunan wasu nahiyoyi bai taɓa tsayawa a bakin tabkin da ke bayan gidansu ba. Tsakanin Disamba da Fabrairu ruwa na nan da sauransa, tsuntsaye sun iso, rana ba ta da zafi. Motar haya ɗaya za ta ɗauki aji guda, a tafi da hantsi a dawo kafin la'asar, malamin kimiyya ya nuna musu yadda yashi ke shiga tabki, wani dattijon gari ya zaunar da su a inuwa ya ba su labarin waliyyan.