Rai-ɗore da masu fakewa da sunansa

Da damina ta kankama a Tozai da ƙauyukan da ke tsakanin Isa da Sabon Birni, wani tsiro mai rawayan fure da ɗan wari yakan rufe juji da kangaye. Wasu suna ce masa sanga-sanga, wasu rai-ɗore. Mai tallar magani ya fi son suna na biyu, domin shi ke sayar masa da kaya.

Kalmomi biyu ne: rai, da ɗore, wato ya ci gaba, kada ya yanke. Fata ne irin na mai jinya, ɗan'uwan "Allah ya ƙara sauƙi". Duk wanda ya mai da wannan addu'a hujjar cewa tsiron ba ya cutarwa komai yawansa, ya yi wa harshe ƙarya, ya kuma ci amanar majinyaci.

Tsiron ma baƙo ne. Asalinsa yankunan zafi na nahiyar Amurka. A 1753 masanin tsirrai Linnaeus ya kira shi Cassia occidentalis, wato "na yamma". Yau ana ce masa Senna occidentalis, kalmar Senna kuwa daga Larabci take. Bahaushe ya karɓe shi, ya gwada ganyensa a kan zazzaɓi, sannan ya raɗa masa suna. Ba wanda ya raɗa masa ma'auni.

Wata ƙasa ta riga ta ɗanɗana kuɗar wannan giɓi. A yankin Saharanpur na Indiya, an yi shekaru yara suna mutuwa da wata cuta da aka ɗauka ta ƙwaƙwalwa ce, sai a 2007 binciken likitoci ya danganta ta da cin ɗanyun 'ya'yan wannan tsiro, masu lalata hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa. Dabbobin da suka ci su da yawa ma sukan halaka.

A ƙasar Gobir, inda 'yan bindiga suka sa hanyar asibiti ta zama kasada, tukunyar ganye ce asibitin farko. Wannan ya ɗora wa magori nauyi: ya faɗi abin da ya sani da inda saninsa ya tsaya, ya gargaɗi iyaye kan 'ya'yan tsiron, ya bambanta shi da tafasa, wadda bakin ganyenta zagaye ne, na rai-ɗore kuwa mai tsini. Yaro mai zazzaɓi gwajin jini yake bukata. Mai tallar da ya ɓoye wannan a bayan suna mai daɗi, da ran ɗan wani yake ciniki.