Ranar da "huhu" ya ɓace a bakin Baba

Jama'a, wannan makon ba maganar farashi ko ta kwastan zan yi ba. Maganar gidanmu ce.

Baba ya fi shekara 40 yana sayar da goro a Kumasi. Mutum ne da zai fara ciniki da Hausa, ya juya zuwa Tonanci, ya rufe da ɗan Turancinsa na kasuwa. Bara, wata safiya, ya ce wa yaron shago, "Kai, ɗauko min... abin nan... wanda ake ɗaure goro a ciki." Huhu yake nufi. Muka yi dariya. Shi bai yi ba.

Daga nan abin ya riƙa yawa. Sunan tsohon abokin cinikinsa ya maƙale, sai "mutumin nan na Tamale". Tonancin ne ya fara zubewa kafin Hausar. Ya rage zama a majalisa, mu kuwa muka ɗauka fushi yake da wani. Ashe kunya ce. Baffa ya bugo waya daga Kano ya ce sammu ne. Yaya kuma ya ce a karɓe littafin bashi tun kafin a cuce mu. Alhali Baba bai taɓa kuskuren sidi ɗaya a lissafi ba, kuma shi kaɗai yake zuwa masallaci ya dawo.

Zuwanmu asibiti na farko ɓata lokaci ne, domin da Turanci aka yi masa tambayoyin, ya fito kamar bai san komai ba. Karo na biyu na nemi a bar ni in yi tafinta. Aka ce ya lissafo sunayen dabbobi cikin minti ɗaya, ya riƙe kalmomi biyar, ya zana agogo. Agogon ya fito tsaf. Dabbobin ne suka tsaya masa a wuya.

Likitar ta ce wannan mataki ne tsakanin mantuwar tsufa da gigin tsufa: kalma tana ɓacewa, amma mutum yana tafiyar da harkarsa da kansa. Wasu abin yakan ƙaru, wasu ya tsaya nan, wasu ma su samu sauƙi, musamman in sanadin ƙarancin bitamin B12 ne, ko matsalar ƙwayar maƙoshi ta tayiroid, ko damuwa, ko wani magani da suke sha. Ta sa a duba jininsa da kunnensa, ta kuma yi mana faɗa kan maganin hawan jinin da yake sha sai ya ga dama. Abu guda ta jaddada: in magana ta ɗauke farat ɗaya, ko baki ya karkace, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, asibiti ake nufa nan take.

Ni laifina shi ne cafe magana. Da ya tsaya, sai in ƙarasa masa, ina ganin taimako nake. Ran nan ya dube ni ya ce, "Bari in nemo da kaina mana." Yanzu sai in yi shiru, in ya gaji ya nema, in ba shi farkon kalmar.

Littafin bashi yana hannunsa har yau, sai dai mukan duba tare duk Juma'a bayan an sauko. Yaya bai gamsu ba tukuna. Wata shida aka ba mu mu koma asibiti.